Kifin shak da dokar kamun kifi a teku: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya buɗe baki ya ce a kare kifin shak, abin da ake fara jefa masa shi ne: wannan mai cin mutanen? Daga nan sai maganar masunta da abincinsu, sai kuma wa ya shiga teku ya ƙirga su har ya san sun ragu. Tambayoyi ne masu kan gado, kuma kowace tana da amsa.

Wane irin kifi ne shak?

Ba iri ɗaya ba ne. Akwai nau'i sama da 500. Wani tsawonsa bai wuce santimita 20 ba, yana can cikin duhun zurfin teku. Wani kuma, ƙaton nan mai ɗigo-ɗigo a baya, shi ya fi kowane kifi girma a duniya, yana wuce mita 12, amma ƙananan halittun da yake tacewa daga ruwa su ne abincinsa. Jikinsu duk guringuntsi ne maimakon ƙashi, haka ma danginsu masu faffaɗan jiki da ake kira re. Zuriyarsu ta haura shekara miliyan 400 a teku.

To ai mutane yake ci. Don me za a kare shi?

Yana cizo, wani lokaci har ya kashe, babu mai musun wannan. Wanda ya rasa ƙafa ko ya rasa ɗa, lissafi ba zai share masa hawaye ba. Amma a duba lissafin duk da haka. Cibiyar da ke tattara bayanan cizon shak a Jami'ar Fulorida ta Amurka tana samun wajen 70 a shekara a faɗin duniya, na mutanen da ba su tsokane shi ba. A 2023 an samu 69, mutum 10 suka rasu, kuma ana lissafa ta cikin shekarun da abin ya yi muni. Yawancin munanan raunuka daga nau'i uku suke fitowa cikin sama da 500 ɗin nan. Mu kuwa muna kashe miliyoyinsu, kowace shekara.

Wasu wurare sun zaɓi shimfiɗa raga a bakin teku: gaɓar Sidni ta Ostireliya tun 1937, gaɓar birnin Daban na Afirka ta Kudu tun 1952. Ragar ba katanga ba ce, tarko ce, kuma ba ta tambayar wanda ya faɗa mata. Kunkurun teku da dolfin da shak ɗin da bai taɓa cizon kowa ba duk suna mutuwa a ciki. A birnin Kef kuwa, shi ma a Afirka ta Kudu, tun 2004 ake ajiye masu gadi a kan tsauni suna leƙen ruwa, da zarar sun hango shak sai su ɗaga tuta su busa jiniya, masu iyo su fito. Ni wannan ta fi kwanta mini a rai.

Da gaske suna ƙarewa?

Da gaske. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2021 ya bi diddigin nau'i 18 na shak da re da ke zaune a tsakiyar teku, ya gano yawansu ya faɗi da kashi 71 cikin 100 daga 1970. A shekarar dai, ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke bakin ƙarewa, ta auna nau'i 1,199 na shak da danginsa, ta tarar kusan ɗaya cikin uku yana cikin haɗari. Babban dalili a wajen dukkansu shi ne kamun da ya wuce kima.

Akwai wani aikin da na fi so, saboda kowa zai iya ganewa. Masu bincike suka ƙera ƙarfe, suka ɗaura masa kyamara, suka rataye ɗan keji cike da yankakken kifi a gabanta, suka saukar da shi ƙasan ruwa ya yi sa'a guda. In akwai shak a kusa, ƙarni zai kawo shi. Haka suka yi a duwatsun murjani 371 a ƙasashe 58, aka fitar da sakamakon a 2020. A kusan ɗaya cikin biyar na wuraren, ko guda bai leƙo ba.

Sauran kifaye ma ana kama su. Me ya sa shak ne bai jurewa?

Nan ne gindin maganar gaba ɗaya, kuma wanda ya gane wannan ya gane sauran.

Macen kifin kod babba tana iya zuba ƙwai miliyoyi a shekara guda. Shak ba haka yake ba. Haihuwarsa ta fi kama da ta saniya fiye da ta kifi: sai ya daɗe bai balaga ba, ya daɗe da ciki, ya haifi kaɗan. Yawancin nau'o'in 'ya'ya suke haifa a raye. Macen shak ɗin da ake kira mako, wanda ya fi duk danginsa gudu, sai ta kusa shekara 20 a Tekun Atilantika kafin ta fara haihuwa. Ƙaramin shak mai ƙaya a baya yana ɗaukar ciki na kusan shekara biyu. Akwai wani nau'in da 'ya'yan ke cinye junansu tun suna ciki, a ƙarshe uwa ta haifi biyu kacal, sannan ta huta shekara guda. Shak na Girinlan kuwa, binciken 2016 ya nuna yana kaiwa aƙalla shekara 272, kuma macensa sai ta kai wajen 150 kafin ta balaga.

Wannan tsari ya dace da halittar da ba ta da mai cin ta. Da ƙugiya ta zo, sai ya zama masifa. In aka kama macen mako tana shekara 12, ba kifi ɗaya aka cire daga teku ba, an cire duk abin da za ta haifa, ga shekara 12 da teku ya yi yana renonta sun tafi a banza. Shi ya sa ko an daina kamu yau, farfaɗowa kan ɗauki shekaru gommai.

Amma ba dukkansu ba. Shuɗin shak, wanda aka fi kamawa a duniya, yana balaga cikin shekara biyar zuwa shida, yana haihuwar 30 ko fiye a ciki ɗaya. Irinsa zai iya ɗaukar kamu in an yi da awo. Doka ɗaya ga kowane shak ba za ta yi daidai ba.

Me ake yi da shi har ake kama shi haka?

Abu uku: fiffike, nama, hanta.

Fiffiken ake busarwa a yi miya da shi a bukukuwan alfarma a Chaina da wasu sassan gabashin Asiya, Hongkon ce babbar mahadar cinikin. Tsadarsa ta haifar da ɗabi'ar da ta fi tayar wa mutane hankali. A jawo shak kan jirgi yana da rai, wani ya danne kan, wani ya sa wuƙa ya zare fiffiken baya, da biyun gefe, da ƙasan wutsiya, a tura gangar jikin cikin ruwa. Ba ya iya iyo, kuma da yawa daga cikinsu sai suna tafiya ruwa ke ratsa mashaƙarsu su samu numfashi. Haka zai yi ƙasa yana da rai. Dalilin masu yi kuwa lissafi ne: ɗakin sanyin jirgi ƙarami ne, fiffiken ɗari ba su cin wurin gangar jiki biyar.

Nama shi ne abin da ba a cika magana a kai ba, alhali cinikinsa ya bunƙasa ƙwarai. Burazil na cikin manyan masu saye, ana sayar da shi a can da sunan da masu ci da yawa ba su san shak ba ne. Haka ma a Ingila da Ostireliya, ana soya shi da wani suna daban. Hanta kuma daga ita ake tatsar wani mai da ake kira sikwalin, ana sa shi a man shafawa. Shak na zurfin teku ake bi saboda shi, su ne kuma suka fi kowa jinkirin haihuwa.

Indonisiya da Sifaniya da Indiya su ne kan gaba a yawan kamu.

Ba an hana yanke fiffike ba? Ai magana ta ƙare.

An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Amurka ta hana a 2000. Da farko ƙasashe da yawa suka ce a sauke fiffike da gangar jiki daban-daban, muddin nauyin fiffiken bai wuce kashi 5 cikin 100 na gangar jikin ba. Wannan ƙofa ce a buɗe, domin mutum zai ajiye fiffike mai tsada na wannan kifi, ya haɗa da gangar jikin wancan. Daga baya aka koma dokar da ta fi: a kawo kifin tasha da fiffikensa a jikinsa. Tarayyar Turai ta ɗauki wannan a 2013. Kanada ta hana shigo da fiffike da fitar da shi a 2019, Amurka ta hana cinikinsa a ƙarshen 2022, Birtaniya ta bi a 2023. Gwamnatin Chaina ma ta cire miyar daga liyafar hukuma a 2013.

Duk da haka, binciken da mujallar Science ta buga a 2024 ya nuna shak ɗin da ake kashewa ya tashi daga miliyan 76 a 2012 zuwa miliyan 80 a 2019, a daidai shekarun da dokokin suka yawaita. Da aka ce a kawo kifin ɗungurungum, sai aka nema wa naman kasuwa. Dokar ta rage zalunci, ta kuma sauƙaƙa gane nau'in da aka kama, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ta ce ga iyakar abin da za a kashe ba.

Me ake nufi da tafiyar da kamun kifi bisa kimiyya?

A san nawa ne ke cikin ruwa, a san nawa suke haifa, a yanke adadin da za a iya cirewa ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba, sannan a tsaya a kan adadin.

Ba a ƙirga kifi ɗaya-ɗaya. Ana kallon alamu ne. In jirgi ya zuba mamari mai ƙugiya dubu a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, ya kama 20 a bana alhali shekara goma baya 60 yake kamawa, wannan alama ce. In manyan mata sun ɓace daga abin da ake saukewa, saura ƙanana, wata alamar ce. Shekarun kifin kuma a gadon bayansa ake karantawa: a cire gaɓa ɗaya, a yanka ta siririya, a ɗora a madubin bincike, sai zobba su bayyana, fari da duhu, a ƙirga. Ana manna wa wasu na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, a ga inda suke haihuwa da kan iyakokin da suke ƙetarewa. Ana kuma sa ma'aikaci mai sa ido a cikin jirgi, ko kyamara, don a rubuta har wanda aka jefar matacce, saboda shi ma ya mutu ko bai shiga littafin kyaftin ba.

Daga nan ake fitar da doka: adadin shekara, girman da ba a taɓa wanda bai kai ba, rufe wuraren haihuwa a lokacin haihuwa, da nau'in da aka haramta kwata-kwata. Inda bayanai suka yi ƙaranci, ƙa'ida ita ce a rage kamu har a samu bayanan, ba a ci gaba da kwasa ana jiran hujja ba. Tun 1999 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta nemi kowace ƙasa mai kamun shak ta rubuta tsarinta a kan wannan.

In masana sun faɗa, ana jin maganarsu?

Sau da yawa ba a ji, kuma a nan raina ya fi ɓaci. Dubi mako na arewacin Atilantika. Masanan hukumar ICCAT, wadda ke kula da kifin tuna da abin da ake kamawa tare da shi a tekun, sun ce a 2017 a daina ajiye mako gaba ɗaya. A 2019 suka ƙara da cewa ko an daina kamu ɗungurungum, yawansa zai ci gaba da faɗuwa har 2035, saboda ƙananan da ya kamata su zama iyaye an riga an kwashe su. Kanada da Senegal suka tsaya a bi shawarar. Tarayyar Turai, wadda jiragen Sifaniya da Fotugal ke ɗaukar kaso mafi tsoka, ta ja, Amurka ma ta ja. Sai a Nuwamban 2021 aka amince. Shekara huɗu ana taro ana watsewa, ana kuma kwasar kifin da ke bukatar shekara 20 kafin ya haihu.

Wanda yake ganin jinkirin tausayin masunta ne ya tuna da kifin kod na gabashin Kanada. Ƙarni bayan ƙarni ana cin arzikinsa. Masunta na bakin gaɓa suka yi ta kukan cewa kifi na raguwa yana ƙanƙancewa, lissafin hukuma ya zarce gaskiya, da aka gyara lissafin kuma 'yan siyasa suka ƙi rage kamu yadda ya kamata. A Yulin 1992 minista John Crosbie ya rufe kamun. Mutum wajen 30,000 suka rasa aiki. An ce na shekara biyu ne, sai a 2024 aka ɗage. Labarin yana kuma nuna cewa masani ma yana kuskure, kuma masuncin da ke kan ruwa kullum shaida ne da ya kamata a saurara.

Akwai inda abin ya yi aiki?

Akwai. A gaɓar gabashin Amurka an ayyana ƙaramin shak mai ƙaya a matsayin wanda kamu ya ci ƙarfinsa a 1998, aka ƙuntata adadi sosai, a 2010 aka ce ya farfaɗo. Farin shak, da Afirka ta Kudu ta fara ba wa kariya a 1991, Amurka ta hana ajiye shi a ɓangarenta na Atilantika a 1997, yanzu alamu na nuna yana ƙaruwa a gaɓar Amurkan. A kudancin Ostireliya ma akwai wani nau'in da ake kamawa don nama bisa adadi, an daɗe ana yi bai rushe ba.

Idan shak ya ƙare, me teku zai rasa?

Misalin da aka fi nazarta yana wani gaɓar ruwa a yammacin Ostireliya. Can akwai faffaɗan filin ciyawar teku, kunkuru da wani ɗan'uwan ayu suna kiwo a ciki. Idan shak mai zanen damisa ya shigo, sai su bar wuri mara zurfi su koma inda suka fi tsira, ciyawar ta samu ta huta. Ba sai ya ci su da yawa ba, tsoronsa kaɗai yana rarraba kiwon. Ciyawar nan kuwa ita ce mafakar ƙananan kifaye. Ba kowane shak ne ke da irin wannan matsayi ba, da yawa ƙanana ne da wasu ke ci. Masu cewa teku zai mutu gobe in babu shak sun yi ƙari, kuma ƙari yana ɓata hujja mai kyau.

Ƙananan masunta fa? Su za a hana cin abinci?

Wannan ce tambayar da ta fi nauyi. A ƙasashe da dama mai ƙaramin kwalekwale ya koma kamun shak ne bayan kifin da ya saba kamawa ya ƙare, sau da yawa a hannun manyan jirage. Ka zo ka ce masa ya daina, ba ka ba shi wata hanya ba, zai ci gaba ne a ɓoye, kai kuma ka rasa bayanan da kake bukata. Doka tana zama ne in an yi ta tare da shi, an yarda da lokacin rufewa, an biya shi in ya saki nau'in da aka hana.

Kuma a fara da manya. Ƙiyasin 2018 ya nuna gwamnatoci na zuba wajen dala biliyan 35 a shekara a tallafin kamun kifi, biliyan 22 daga ciki na ƙara ƙarfin kamu ne, kamar rangwamen man jirgi. Da wannan kuɗin jirage ke iya zuwa ruwa mai nisa. A 2022 Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ta cimma yarjejeniyar hana tallafa wa kamun sata da kamun kifin da ya riga ya ragu.

Ba gara a hana gaba ɗaya ba?

A wasu wurare ya dace. Tsibiran Falau na Tekun Fasifik sun hana kamun shak a ruwansu a 2009, Maldif a 2010, Bahamas a 2011. A Falau an ƙiyasta cewa shak ɗaya da masu nutso ke zuwa kallo yana jawo wa ƙasar dala miliyan 1.9 a tsawon rayuwarsa, matacce kuwa dala 108. Sai dai ba ko'ina masu yawon buɗe ido ke zuwa ba. Hani kuma sai da mai gadi: a Agustan 2017 Ikwado ta kama wani jirgin Chaina a cikin ruwan Galafagos da aka keɓe, ɗauke da shak sama da 6,000. Ga nau'in da ya kusa ƙarewa, hani ne kawai magani. Ga wanda zai iya ɗauka, adadi mai tsauri ya fi hanin da ba a iya tsarewa.

Wanda ya faɗa ƙugiya ba da niyya ba fa?

Su ne da yawa. Mamarin jirgin tuna yana kai tsawon kilomita gommai. Amma akwai dabaru masu sauƙi. In aka ɗaure ƙugiya da zaren roba maimakon waya, shak yakan datse shi da haƙori ya tafi. Ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe takan kama gefen baki, ba ta shiga ciki. In aka yanke zaren dab da ƙugiya kifin yana cikin ruwa, ba a ɗago shi da ƙarfe ba, da yawa suna rayuwa. Shak mai kan guduma ne mai wuya, yana saurin mutuwa a kan ƙugiya, shi sai dai a guji inda yake taruwa.

Wa ke da iko a tsakiyar teku?

Kowace ƙasa tana da iko har mil 200 daga gaɓarta, bisa yarjejeniyar teku ta 1982. Bayan nan sai hukumomin yanki irin ICCAT. Ciniki tsakanin ƙasashe kuma yarjejeniyar CITES, ta cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗarin ƙarewa, ke kula da shi. Ta fara sa shak a jerinta a 2002, ta ƙara a 2013 da 2016 da 2019, sannan a taron Fanama na 2022 ta shigar da dangin da yawancin fiffiken kasuwa ke fitowa daga cikinsu. Shiga wannan jerin yana nufin ƙasa ba za ta fitar da kayan ba sai ta nuna an kama su bisa doka, kuma kamun ba ya cutar da nau'in.

Wanda ba masunci ba, ba masani ba, me zai iya yi?

Ya tambayi ainihin sunan kifin da ake sayar masa. Mai juna biyu da yara ma an shawarce su su guji naman shak saboda sinadarin zaiba da ke taruwa a jikinsa. Ya duba man shafawa, in an rubuta sikwalin ya nemi na tsirrai, ana samun sa daga zaitun da rake. Kada ya sayi haƙora ko muƙamuƙin da aka busar don ado.

Abin da ya fi waɗannan tasiri shi ne ƙuri'ar gwamnatinsa. Ƙasashe sama da 180 ne ke cikin CITES, har da waɗanda ba su da teku, kuma kowace ƙuri'a ɗaya take da ita. Hukumomin yanki suna wallafa rahotannin masanansu da matsayar taronsu a intanet. Ɗan jarida ko ɗalibi zai iya ɗauko lambobi uku a kan kowane nau'i, wato adadin da masana suka ba da shawara, adadin da wakilai suka amince, da adadin da jirage suka sauke, ya kai wa ma'aikatar da ta tura wakili taron, ya tambaye ta wanne ta goyi baya.